Lissafin horon karen farauta

Lissafin horon karen farauta shi ne yadda mai kare yake bibiyar abin da karensa ya koya da abin da ya rage masa, tun yana ɗan kwikwiyo har ya zama abin dogaro a dawa. A yammacin Jihar Kano, kamar Lakwaya da ke Ƙaramar Hukumar Gwarzo da ƙauyukan Kabo da ke maƙwabtaka da ita, mafarauta sun fi riƙe wannan lissafi a ka. A wuraren horar da karnukan 'yan sanda kuwa rubutawa ake yi. Kalmar horo a Hausa tana nufin koyarwa, tana kuma nufin hukunci. Ma'ana ta farko ake nufi a nan.

Matakan horo

Farauta sana'ar rani ce, ana fita bayan an kawar da amfanin gona ciyawa ta bushe. Shi ya sa maharbi yakan ƙirga gwanintar karensa da yawan ranin da ya yi yana fita, ba da watanni ba. A gida kwikwiyo yake fara sanin sunansa da fiton maigidansa, ya saba da igiya, a kuma hana shi bin kaji da awaki. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin karen da ya kashe akuyar maƙwabci ya jawo wa maigidansa biyan kuɗi da zubewar mutunci. Daga nan sai a riƙa sakinsa tare da manyan karnuka, ya fara da gafiya da kurege kafin ya kai ga zomo.

A hukuncin Musulunci

Tambayar ko kare ya horu ba ta tsaya ga gwaninta ba, ta shafi halaccin nama. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo idan an ambaci sunan Allah, don haka malaman fiƙihu suka nemi alamar da za a gane horarre. A mazhabar Malikiyya, wadda ita aka fi bi a ƙasar Hausa, horarren kare shi ne wanda yake tafiya idan an tura shi, yake kuma tsayawa idan an tsawata masa. Ba su sa sharaɗin kada ya ci daga abin da ya kama ba. Abu Yusuf da Muhammad al-Shaibani, almajiran Abu Hanifa, sun bi hanyar ƙirge: sai kare ya kama sau uku bai ci ba sannan a ce ya horu. Ra'ayinsu yana buƙatar maharbi ya riƙa tuna abin da ya faru a kowace fita, wato lissafi ke nan ko da ba a rubuta ba.

Lissafin ka da na takarda

Maharbi yakan san tarihin karensa ciki da waje: uwar da ta haife shi, zomon farko da ya kama, raunin da ya ji. Abokan farauta su ne shaidunsa, kuma maganarsu tana tasiri a kan farashin kare ranar sayarwa. Rauninsa shi ne mutum ya fi tuna ranar bajinta, ya manta ranakun da kare ya ƙi dawowa da aka kira shi.

Rubutaccen lissafi wannan giɓin yake cikewa. Littafin makaranta mai araha ya isa. Bayan kowane zama ana rubuta kwanan wata, wurin da aka yi, tsawon lokacin, umarnin da aka gwada, sau nawa aka bayar da shi da sau nawa kare ya bi. Ana kuma rubuta abin da ya ɗauke masa hankali. Idan shafukan suka taru sai a ga abin da ido bai kama ba, misali karen da ke amsa kira a tsakar gida amma ya yi kunnen uwar shegu da zarar ya shaƙi ƙanshin nama a saura.

Da irin wannan rubutu aka gano abubuwa da dama game da koyon kare. John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekara 13 suna rubuta halayen 'yan kwikwiyo a Amurka, ciki har da basenji, karen farautar yankin Kwango. A littafinsu na 1965 sun nuna cewa tsakanin mako 3 zuwa 12 da haihuwa ne kwikwiyo ya fi saurin sabo da mutane. Wani bincike da aka yi a Denmak aka wallafa a 2011, a kan karnuka 44, ya gano cewa gajeren zama sau ɗaya ko biyu a mako ya fi dogon zama na kullum amfani wajen koyon sabon aiki.

Shaidar rigakafi

Akwai abu ɗaya da bai kamata a bar wa ƙwaƙwalwa ba, shi ne ranar allurar rigakafin ciwon haukan kare. Karen farauta yana cuɗanya da namun daji da karnukan wasu garuruwa, cutar kuma idan alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan kullum ajali ce. Ana yi wa kwikwiyo allurar yana ɗan wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu samar da ita. Idan kare ya ciji mutum ana tsare shi a lura da shi kwana 10, wanda aka ciza kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ya tafi asibiti nan take. Daga cikin abin da ma'aikatan lafiya za su tambaya akwai katin rigakafin karen da kwanan watan da ke kansa.