Jami'ar Dang: Yadda Ɗan Makiyayi Ya Sami Wurin Zama

 Kai da kake ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngawundere ka nufi Garwa, ko ka ratsa Tuboro zuwa Mundu, ka san Dang. Kilomita 15 ne daga gari, inda direba ke rage gudu saboda samari da 'yan mata masu jaka a baya suna tsallaka titi. Nan Jami'ar Ngawundere take. Tambayar da iyaye suka fi yi mana a kanta ba ta karatu ba ce. Cewa suke: "Ɗana da ya tashi a ruga, ko a bakin rumfar kasuwa, zai iya zama cikin waɗannan mutane?" To, bari mu koma baya mu ga yadda magabatansa suka yi.

Kamaru ta buɗe jami'arta ta farko a Yawunde a 1962, kuma shekara talatin ita ce ɗaya tilo. Arewa kuwa ta shiga boko a makare. A zamanin Faransa makarantun mishan sun cika kudu, mu nan allo muka riƙe, iyaye da yawa na ɓoye 'ya'yansu kada a kai su lakwal. Shi ya sa ɗan arewa da ya kai ga cin bak, wato jarrabawar ƙarshen sakandare, ake ƙirga shi da yatsu. Idan ya ci, sai tafiya kudu. Kafin layin dogo ya iso Ngawundere a 1974, tafiyar kwanaki ce a mota. Yana sauka sai ya tarar da wata duniya: abinci rogo da ayaba, ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ba mai jin Fulatanci ko Hausa a aji. Gwamnati na biyan ɗalibi kuɗin tallafi a wancan lokacin, saboda haka yunwa ba ta dame shi ba. Kaɗaici ne ya dame shi. Da yawa a Birketiri, unguwar Hausawan Yawunde, suke zuwa su sami masallaci da tsire da wanda zai ce musu sannu.

A 1977, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, aka yi dokar kafa cibiyoyin jami'a a wasu garuruwa, Ngawundere na ciki. A 1982 aka fara karatu a Dang da makarantar koyon sarrafa kayan noma da abinci. An zaɓi wurin da hikima, domin Adamawa ƙasar shanu ce da madara da masara. Amma ga abin mamaki: shiga makarantar sai da jarrabawar gasa, kuma masu takardar shiga gasar sun fi yawa a kudu. Sai ya zama makarantar na kan makiyayar kakanninka, amma ɗanka in ya shiga, shi ne baƙo a cikinta.

Ranar 19 ga Janairu 1993 Shugaba Paul Biya ya sa hannu a dokar da ta raba tsohuwar jami'a gida shida: biyu a Yawunde, sai Duwala, Cang, Buya da Ngawundere. Ƙofa ta buɗe, aka kawo fannin shari'a, tattalin arziki, kimiyya da adabi. Sai dai da hannu ɗaya aka ba da, da ɗayan aka karɓe. An soke kuɗin tallafi, aka sa kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara, wato jaka hamsin. A Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Kai ɗan kasuwa ba sai an tuna maka wannan shekara ba. Daga nan ɗalibi ya koma wuyan mahaifinsa, kuma a gidaje da yawa bijimi ne ya biya digiri.

Ɗakunan kwanan jami'a ba su isa ba. Sai masu fili a Dang da Bini suka riƙa gina jerin ƙananan ɗakunan haya, waɗanda ake kira minisite. A nan ne ainihin rayuwar ɗalibi take. A tsakar gida ɗaya za ka sami Bafulatani daga Banyo, Batufuri daga wajen Yagwa, ɗan Bamileke daga yamma, ɗan Gbaya daga Mayganga, da 'yan Cadi, waɗanda suka riƙa zuwa da yawa ƙwarai har suka zama wani babban ɓangare na jami'ar. Rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Wani na alwalar asuba, wani yanzu yake dawowa daga mashaya. Zo mu zauna, in ji Bahaushe, zo mu saɓa.

To, ta yaya suka zauna? Ba ofis ne ya zaunar da su ba, su suka yi wa kansu hanya. Ɗalibai suka kafa ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, waɗanda ke tarbar sabon zuwa, su nema masa ɗaki, su nuna masa inda ake rajista. Musulmi suka haɗu a masallaci da ƙungiyarsu ta ƙasa, CAMSU, Kirista suka haɗu a coci. 'Ya'yan Mbororo kuma, da ake yi wa kallon mutanen daji, ƙungiyar MBOSCUDA da aka kafa a 1992 ta sa karatunsu a gaba. A azumi ana haɗa tukunya a yi buɗa-baki tare. Wannan ai ba baƙon abu ba ne gare ka. Haka fatake ke yi a zango: baƙo ya sauka hannun mai masauki, shi ya tsaya masa.

Yau hanya ta ƙara gajarta. An kafa Jami'ar Marwa a 2008, ta Garwa a 2022. A Ngawundere kuma akwai makarantar likitan dabbobi. Yaron da ya san ciwon boru tun yana bin garke, a can ba baƙo ba ne, ya riga 'yan birni sanin rabin darasin.

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, abu uku ke kayar da ɗan arewa a jami'a, kuma ba ƙwaƙwalwa a cikinsu. Na farko harshe. Fulatanci zai saya masa tumatir a kasuwar Dang, amma Faransanci ne ke cin jarrabawa. Wanda ya yi sakandare a Yola ko Mubi da Ingilishi, sai an daidaita masa takardarsa, kuma ya shirya wa Faransanci tun kafin ya zo. Na biyu aljihu. Jaka hamsin ɗin nan ita ce ƙarama. Haya, abinci, buga takardun darasi da kuɗin tasi zuwa gari su ne ke cinye kuɗi. Kada ka damƙa masa kuɗin shekara a dunƙule, aika masa wata-wata. Ka haɗa masa da bargo, domin sanyin tudun Ngawundere ba wasa ba ne ga ɗan Kusiri. Na uku abokin zama. Wanda ya maƙale wa 'yan garinsu kaɗai zai fita da digiri ba tare da ya san kowa ba. Wanda kuma ya ji kunyar rugarsu ya watsar da su, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi zai gane kurensa. Waɗanda suka yi nasara sun riƙe biyun.

Game da 'ya mace kuwa, in hankalinka bai kwanta ba, je ka da ƙafarka ka ga minisiten, ka san mai gidan, ka haɗa ta da 'yan uwanta mata. Hakan ya fi ka hana ta don jita-jitar tasha.

Saboda haka, Alhaji, in ka sake bi ta Dang, ce wa direba ya tsaya. Sha shayi a bakin titi, ka tambayi yaran nan daga ina suke. Za ka ji sunan garinku. Allah ya yi wa zuri'a albarka, sai mun haɗu a shiri na gaba.