Daga garken shanu zuwa gadon asibiti: tarihin maganin daskarewar jini

Ƴan uwa na Tanout da Belbeji, mun taso mun tarar in ƙafa ta kumbura, wanzami ake kira. Ya kafa ƙaho, ya yi tsaga, a ce mataccen jini ya fita. Ba mu raina wanzamai ba. Amma akwai kumburin da ƙaho ba ya kai masa: ƙafa ɗaya tak ta kumbura, ta yi zafi, sha-raɓa na ciwo, saboda jini ya daskare can cikin babbar jijiya. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu, mutum na iya faɗuwa nan take. Mai jego na cikin haɗarinsa, haka wanda ya daɗe kwance, haka matafiyin da ya yi kwanaki a takure bisa mota daga Agadas zuwa Dirku.

Abin mamaki, maganinsa daga wajen makiyaya ya fito.

A shekarun 1920, a Kanada da arewacin Amurka, shanu suka riƙa mutuwa. A yanke ma saniya ƙaho ko a fiɗiye sa, sai jini ya ƙi tsayawa. Wani likitan dabbobi, Frank Schofield, ya gano laifin na wata ciyawa ce da aka ajiye ta yi fumfuna. A 1933 wani manomi a jihar Wisconsin ya ɗauko matacciyar karsana, da jininta cikin gwangwanin nono, da ruɓaɓɓiyar ciyawar, ya dire ma masanin kimiyya Karl Link. Mu da muka san abin da mutuwar saniya ke yi ma gida, mun san halin da mutumin nan yake ciki.

Sai da aka shekara shida kafin a ware sinadarin. Daga shi aka ƙera warfarin, aka fara sayar da shi a 1948, kun san a matsayin me? Maganin kusu! A 1954 aka yarda a ba mutane, a 1955 har shugaban Amurka Eisenhower ya sha. Sintrom da likitocinmu ke rubutawa danginsa ne. Allurar heparin ta riga shi, tun 1916 aka gano ta.

Magungunan nan suna hana gudan ƙaruwa ne, jiki ya narkar da shi sannu a hankali, shi ya sa ake shan su wata uku ko fiye, tare da awon jini. Ana tabbatar da ciwon da hoton eko, ko da sai an kai Damagaram. Kafin nan kada a murza ƙafar, kada a yi mata tausa.

Wanda kuma aka ɗora bisa maganin, ya gaya ma wanzami kafin ya kafa masa ƙaho. Jinin zai ƙi tsayawa, kamar na shanun can.