Tsintsiya, Tukunya da Mazari: Yadda Turai Ta Ƙera Mayyarta

Duk mai kallon finafinan Amurka ya san ta tun kafin ta buɗe baki: tsohuwa mai lanƙwasasshen hanci da baƙar hula mai tsini, ko dai tana bisa tsintsiya ko tana juya tukunya mai tafarfasa. Mun saba kiranta mayya, amma sunan yana rufe wani bambanci. A wurin Bahaushe maita ba ta ware jinsi ba. Akwai maye akwai mayya, kuma karin maganar da kowa ya sani cewa ta yi in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba, wato namiji ne ya ci kurwa, mace ce ke kuka. Mayenmu ba shi da wata riga ta daban; ƙanƙara ce a cikinsa, in kuma an kama shi sai a sa shi ya tsallake marar lafiya. Ta Turawa kuwa ƙera ta aka yi, ana iya bin sawunta daga littafi zuwa zane har zuwa fim. Wanda ya bi sawun zai ga kowane zamani ya zana ta da siffar abin da yake tsoro ko yake buri game da mata, kuma a duk zane-zanen, har da na masu yabonta a yau, da wuya a ga fuskar matan da aka kashe da sunanta.

Ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan mace bisa tsintsiya yana gefen shafin wani rubutun hannu na Faransa na 1451, littafin Le Champion des Dames na Martin le Franc. Mata biyu ne cikin kayan gida, ɗaya bisa tsintsiya ɗaya bisa sanda, ba muni ba tsiraici, kuma sunan da aka rubuta a kansu na wata ɗariƙa ce da coci ya kafirta. Tsoron bidi'a ne a gaba a lokacin. Wanda ya karkata akalar zuwa ga mace shi ne Heinrich Kramer, wani mai binciken aƙida na coci. A 1485 ya gurfanar da wasu mata a Innsbruck, ya tsare wata Helena Scheuberin da tambayoyi kan mazan da ta taɓa sani, har bishof ɗin yankin, Georg Golser, ya ga abin ya wuce gona da iri, shari'ar ta rushe, ya umarce shi ya bar garin. Kramer ya koma ya rubuta Malleus Maleficarum, aka buga a Speyer wajen 1486, inda ya dage cewa rauni da sha'awa ne suke sa mace ta fi saurin faɗawa hannun Shaiɗan. Da shekara hamsin kafin nan ya yi rubutun, da wataƙila ya ruɓe a akwati. Sai ya yi gamo da katar, domin injin ɗab'i ya riga ya bazu a Jamus, aka yi ta sake buga littafin kusan shekara ɗari biyu.

Masu zane ne suka ba wannan ra'ayi jiki. Wajen 1500 Albrecht Dürer ya sassaƙa hoton tsohuwa tsirara tana hawan bunsuru ta baya, da sandar kaɗin zare a hannunta. A 1510 almajirinsa Hans Baldung ya fitar da nasa, mata tsirara, tsofaffi da matasa, sun kewaye tukunya mai hayaƙi. A duba kayan da aka damƙa mata: tsintsiya, tukunya, mazari. Babu takobi babu littafi. Kayan aikin matar gida ne aka juya su, abin shara ya zama abin hawa a bar gida da dare, tukunyar da ke ciyar da yara ta zama ta dafa su. Mayyar nan matar kirki ce aka kifa ta ƙasa, domin a nuna wa sauran mata inda iyakarsu take. Ba a kuma rasa wata riba ba, don zanen mayya ya ba mai zane damar nuna tsiraicin mace ga masu saye yana mai cewa wa'azi yake yi.

Mai ja zai ce ai maza ma an kashe, kuma da gaskiyarsa. Masana suna ƙiyasta cewa tsakanin 1450 da 1750 an kashe mutum dubu 40 zuwa dubu 60 a Turai kan wannan zargi, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar maza ne. A Aisilan kusan duka maza ne, a Rasha da yankin Normandi na Faransa ma su suka fi yawa. A Salem ta Amurka a 1692, cikin mutum 19 da aka rataye biyar maza ne. Sai dai wannan hujja ƙara wa maganar ƙarfi take yi. In dubban maza sun mutu a kotu amma da wuya a gan su a zane, to zanen ba rahoton kotu ba ne, zaɓi aka yi. Tatsuniyoyin da 'yan'uwan Grimm suka buga a 1812 da fim ɗin Snow White na Disney na 1937, inda kyakkyawar sarauniya ta rikiɗe tsohuwa mai guba a hannu, duk kan wannan zaɓi suka ɗora.

Juyin ya zo ne a 1862, lokacin da marubucin tarihi na Faransa Jules Michelet ya fitar da La Sorcière, ya mai da mayya mai maganin talakawa, mai tawaye ga coci da sarakuna. Littafin ya fi kusa da ƙagaggen labari fiye da tarihi, amma ya kama zukata. A 1893 'yar gwagwarmayar mata ta Amurka Matilda Joslyn Gage ta yaɗa cewa mutum miliyan tara aka kashe, adadin da babu takardar kotu da ta goya masa baya. Surukinta L. Frank Baum, mijin 'yarta, shi ne a 1900 ya sa mayu na gari tare da na banza a littafinsa na Oz. Koriyar fuskar da muka sani ma ba ta cikin littafin; fim ɗin da aka yi da shi a 1939 ne ya shafa ta, lokacin da fim mai launi yake sabon abu. A 1968 wasu mata a New York suka sa baƙaƙen kaya suka yi zanga-zanga a Wall Street da sunan mayu, kuma yau wasan Wicked, wanda ya hau dandamali a 2003 ya zama fim a 2024, ya mai da mai koriyar fuskar ita ce jarumar.

A nan ne nake ganin an yi tuya an manta da albasa. Sabuwar siffar ta karɓi zargin Kramer ne ta canza masa hukunci: shi ya ce matan suna da ɓoyayyen ƙarfi don haka a ƙone su, masu yabonta kuma suka ce suna da shi don haka a yaba musu. Takardun shari'a ba su nuna haka ba. Yawancin waɗanda aka kama talakawa ne, tsofaffi, zawarawa, 'yan aiki, waɗanda rigima da maƙwabta kan saniyar da ta mutu ko jaririn da ya yi ciwo ta kai su gaban alƙali, kuma da yawa daga masu ba da shaida a kansu mata ne. Har batun cewa ungozomomi aka fi farauta bincike ya rushe shi. Sau da yawa su ake kira su duba jikin wadda ake zargi. Rebecca Nurse ta Salem tsohuwa ce mai shekara 71, mai riƙo da cocinta, ta mutu tana musun laifin. Wanda ya kira ta mayya don girmamawa ya ba ta sunan da ta gwammace igiya da ta amsa shi.

Za a ce fim ba darasin tarihi ba ne, kuma mutanen da aka zaga suna da 'yancin ɗaukar zagin su mai da shi kirari. Haka ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne yarinya ta ga jaruma wadda ba ta jiran ɗan sarki ya cece ta. Amma wasan yana yiwuwa ne inda kalmar ta daina kisa. A Gambaga ta arewacin Gana har yau akwai unguwar matan da aka koro daga garuruwansu kan zargin maita, suna zaune ƙarƙashin kariyar sarkin garin, kuma a Yulin 2020 aka lakaɗa wa wata tsohuwa mai shekara 90 duka har ta mutu a Kafaba, mutane suna kallo. Babu ɗaya cikin irin waɗannan mata da take neman hula mai tsini. Abin da suke nema shi ne a yarda cewa ba su ci kowa ba. Anna Göldi, 'yar aikin gidan da aka fille wa kai a Glarus ta Suwizalan a 1782, wadda ake lasaftawa cikin na ƙarshe da aka kashe kan irin wannan zargi a Turai, sai a 2008 hukumar yankin ta wanke ta, bayan shekara 226, ta ce kisan zalunci aka yi mata.