Bindigar Kwaikwayo da Maƙerin da ke Riƙe da Ita a Arewacin Zamfara

A ƙasashen da doka ta yarda mutum ya mallaki ƙaramar bindiga, masu saye na yawan jayayya a kan wacce ta fi tsakanin ta asali da 'yar kwaikwayonta: Beretta 92 ta Italiya ko Taurus ta Burazil da aka kwafa daga gare ta, Tokarev ta Rasha ko Type 54 ta Sin. Jayayyar kuma takan tsaya ne a wuri ɗaya, wato idan wani ƙarfe ya karye a ciki, ina za a samu wanda zai shiga daidai. Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ta haura shekara 200 ana yin ta. Abin da nake so in nuna shi ne, bindigar da ta shigo wannan yanki tun farko ta kwaikwayo ce, kuma ƙarfin mai ita bai taɓa dogara a kan inda aka ƙera ta ba. Ya dogara ne a kan wanda zai iya tashinta idan ta kwanta, da wanda ke ba ta ci.

Bindigar toka, wadda yau ake ɗauka kayan gado ce ta maharba, Turawa na kiranta da sunan mutanen Denmak, saboda 'yan kasuwarsu da suka zauna a gaɓar Ankara ta Ghana. Amma yawancin waɗanda suka shigo Afirka ta Yamma ba Denmak suka fito ba. A Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam ake ƙera su, ana kwaikwayon siffar da masu saye suka saba da ita, a saka ƙarfe mai araha, a shafe ƙotar da fenti. Ashe tun kafin a fara cewa mota ko injinta "ɗan Beljiyam" ne, Beljiyam ta daɗe tana turo mana kaya masu sauƙin kuɗi. Masanin tarihi Joseph Inikori ya ƙiyasta cewa daga 1750 zuwa 1807 ana shigo da bindiga tsakanin 283,000 da 394,000 kowace shekara. Da hannu ake haɗa kowacce, ana goga ƙarfe da magagari har ya zauna, don haka kunamar wannan ba lalle ta shiga waccan ba ko da shago ɗaya suka fito. Wasu kan fashe a hannun mai harbi. Hatta ƙanƙarar da ke ba da tartsatsi, daga wani gari ne Brandon a Ingila ake saro ta, ana loda wa jirage.

Daga wannan tulin, kaɗan ne ƙwarai ya iso ƙasar Hausa, domin masarautun da ke tsakani ba sa son makami ya wuce su. Lokacin da Muhammadu Namoda da mutanensa Alibawa suka taimaka aka ci Alkalawa a 1808, doki da takobi da kwari da baka ne suka yi aikin. Bature Clapperton, wanda ya ratsa Zurmi a 1824, ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kyautar da ta haɗa da ƙananan bindigogi masu baki biyu. A 1826 ya ga rundunar Bello ta kewaye Konya, inda Gobirawa suka tare. Ya ƙiyasta mayaƙan sun kai dubu 50, amma bindigogin da ke hannunsu ba su wuce arba'in da 'yan kai ba. Masu su kan matsa kusa da ganuwa su harba, su sheƙa baya su sake ɗuri, abin da ya tuna mana sunan nan harba-ka-ruga. Gobirawa kuwa bindiga ɗaya ce da su, ita ce kuma ta kayar da ɗan lifidin da ke gaba. Bature Barth ma ya biyo ta Zurmi da Badarawa a 1853, ya kai wa Sarkin Musulmi Aliyu Babba ƙananan bindigogi biyu masu adon azurfa. A wancan zamani ƙaramar bindiga kayan alfarma ce ta fada, a sa ta a kube a nuna wa baƙo. Ranar da wani ƙarfe ya karye a cikinta, Ingila na can bayan hamada da teku.

Nan ne maƙeri ya shigo. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san yadda aikin yake: yaro na zuga, gawayi na ja, maƙeri ya kama ƙarfe da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, ya doka, ya tsoma a ruwa, ya gwada, ya sake gogawa. Hannun da ke yin galma da lauje da linzami shi ne ya koyi kallon ƙarfen da ya karye ya fitar da irinsa. Rashin daidaiton bindigar toka, wanda aibi ne a idon masana'anta, shi ya sa ta dace da maƙera, domin abin da aka haɗa da hannu ana iya gyara shi da hannu. Sarakunan da suka gane haka su ne suka ci moriyar bindiga. Tanimu na Damagaram ya sa an zuba igwa an kuma haɗa albarushi a Zindar. Maƙeran Samori Ture sun kai ga kwaikwayon bindigogin Faransa masu ɗuri ta baya. Rabe a Dikwa ya riƙe masu gyara a cikin rundunarsa. Turawa ma sun gane, shi ya sa yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigar zamani da harsashinta, ta bar musu ta toka da albarushin kasuwa. Sakamakon ya bayyana a Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairun 1903, lokacin da rundunar Kano, bayan Sarki Alu ya rabu da ita a Birnin Goga kusa da Kaura, ta yi karo da sojan Ingila da ba su kai hamsin ba. Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a nan. Mahaya sun yi ta kai hari, amma masu harsashin masana'anta ba sa tsayawa ɗuri.

Abin mamaki, mulkin da ya karya dawakin shi ya yalwata bindigar toka a ƙauyuka. Jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga, ya kuma shigo da ƙarfen Turai da tarkacensa. Narkar da tama ta mutu a hankali, amma maƙeri ya samu ƙarfe fiye da yadda kakanninsa suka taɓa gani, har ya tashi daga gyara ya koma ƙera bindiga sukutum, kwaikwayon kwaikwayo ke nan. Dokar makamai ta 1959 ta raba abin gida uku. Bindiga mai ɗuri ta baki tana ƙasa, kwamishinan 'yan sanda na iya ba da lasisinta. Ta farautar zamani sai izinin Sufeto Janar. Ƙaramar bindiga kuwa an sa ta a sahun kayan soja, sai da amincewar shugaban ƙasa. Muhimmin abu shi ne, bindigar maharbi na da adireshi. An san maƙerin da ya yi ta, shi kuma yana ƙarƙashin Sarkin Maƙera, Sarkin Maƙera na ƙarƙashin hakimi. Wanda ya yi ɓarna da ita, dole wata rana ya dawo gyara.

Bindigar da ta addabi dajin Zurmi da hanyar Shinkafi a shekarun nan ita ma yawanci ta kwaikwayo ce. Rahoton da ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020 kan makaman da aka kama a Zamfara da Katsina da Kaduna ya nuna akwai Type 56, wato kalashinkof ɗin da Sin ta kwafa, da bindigogin farauta na Turkiyya, da kuma ƙirar gida. Ko kamfanin DICON na Kaduna, da aka kafa a 1964, da kwafar bindigogin Beretta bisa lasisi ya fara. Bambancin shi ne kwaikwayon zamani injin ne ya yanka shi a ma'auni guda, har gidan harsashin wata ƙasa ya shiga bindigar wata. Saboda haka mai ita ba ya buƙatar maƙerin garinsu, ɗan fasa-ƙwauri yake buƙata, da wanda zai sato daga rumbun gwamnati. Igiyar da ta ɗaure bindiga da gari ta tsinke a nan. Kalmar ma ta juya: a da 'yan bindiga bayin sarki ne masu Sarkin Bindiga a kansu, yau sunan waɗanda ke ƙona ƙauye ne.

Za a ce ai maƙera ma ba su da tsarki, tunda 'yan sanda kan kama masu ƙera wa ɓarayi makami. Gaskiya ne, kuma wanda aka samu da laifi a hukunta shi. Sai dai ƙirar gida ta yau mafi yawanci da harsashin masana'anta take aiki, shi kuwa ba a yin sa a maƙera, shigo da shi ake yi. Kama maƙeri a bar mai safarar harsashi kamar kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Za a kuma ce ina yi wa zamanin da ado, alhali da bindigar toka aka yi farautar bayi, kuma da irinta 'yan sa-kai suka kashe mutane a kasuwanni ba shari'a, abin da ya ƙara rura wutar rikicin. Wannan ma ban musa ba. Sanin mai bindiga bai hana zalunci ba idan mai ikon ne azzalumin, ko idan ya kau da kai. Abin da sanin ya bayar shi ne wurin da za a kama, in an so kamawa, kuma harbi ɗaya sai ɗuri yana da iyakar ɓarnar da zai yi.

Shi ya sa umarnin da gwamnatin Zamfara ta bayar a Yunin 2022, cewa jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kai, ya yi karo da tarihin nan. Abin da kwamishina ke da ikon ba da lasisinsa a dokar 1959 shi ne mai ɗuri ta baki. An ce wa manomin Kaura da na Badarawa ya tsaya da makamin da Clapperton ya gani a Konya, a gaban mutumin da harsashinsa ke zuwa a buhu ta kan iyaka.