Akwatin Amurka

Idan hanya ta taɓa kai ka garin Växjö a kudancin Suwidin, ka nemi gidan tarihin da ake kira Gidan Masu Ƙaura, wanda aka buɗe a 1968. Kada ka sa ran ganin zinariya. Akwatunan katako za ka tarar, da tsofaffin wasiƙu, da hotunan talakawa riƙe da kayansu.

Na san za ka ce, Suwidin fa? Ƙasar da yau ake rububin shiga? Ita dai. Daga wajen 1850 zuwa 1930 mutanenta fiye da miliyan ɗaya suka tattara komatsansu suka tafi Amurka.

Abin da ya kore su, kai makiyayi ba baƙonka ba ne. A cikin shekara ɗari kafin 1850 yawan jama'ar ƙasar ya ninka, gona kuwa ba ta haihuwa. Yankin Småland, inda Växjö take, ƙasa ce mai duwatsu, manomi ya wuni yana tsince dutse kafin ya samu wurin shuka. Sai 1867 ta zo da sanyin da ya ƙi tafiya, har watan Yuni ƙanƙara ba ta narke ba a arewa. 1868 ta biyo da fari a kudu. Ciyawa ta ƙare, shanu suka rame, mutane suka koma niƙa ɓawon itace suna haɗawa da gari su yi burodi. A daidai lokacin kuma labari ya bazu cewa wata dokar Amurka ta 1862 tana ba mutum eka 160 in ya zauna ya noma ta shekara biyar. Wa zai tsaya?

Hanyar, kai ɗan kasuwa za ka so jin ta. Tun 1860 Suwidin ta soke tilascin fasfo. Abin da matafiyi ke karɓa shi ne takardar tashi daga limamin cocin ƙauyensu, wanda zai rubuta a littafi cewa wane ya tafi. Daga nan sai tashar Gotenbag, jirgin ruwa zuwa Hul a Ingila, jirgin ƙasa zuwa Libaful, sannan babban jirgi ya tsallaka teku. Duk abin da mutum ya mallaka yana cikin akwatin nan guda, shi ya sa suke ce masa akwatin Amurka. Ka tsaya gabansa ka auna da ido, bai kai lodin jaki ɗaya ba.

Waɗanda suka isa Minesota da Shikago suka riƙa aiko wasiƙa, wani lokaci da kuɗi ko tikitin ƙane a ciki. A ganina wasiƙun nan sun fi yunwar kwashe mutane, don ƙaurar ta ci gaba shekaru da yawa bayan abinci ya dawo. Ba kowa ya dace ba fa, kusan ɗaya cikin biyar ya koma gida.

Da hukuma ta ga ƙauyuka na zama kufai, a 1907 ta kafa kwamitin bincike. Akwai masu son a takura wa fita. Rahoton da ya kammala a 1913 bai bi su ba, ya ce a gyara sana'a da zaman talaka a gida.

Littattafan limaman nan ba su ɓata ba. Har yau jikokin masu ƙaurar suna zuwa Växjö daga Amurka da sunan kaka a takarda, suna neman sunan ƙauyen da ya baro.