Rotenone: Maganin ƙwari daga kurmin Amazon

Tun fil azal mazauna kurmin Amazon na Kudancin Amurka ke daka saiwar tsiron barbasco su zuba a rafi, kifi ya taso a galabaice, kamar yadda masunta ke yi da magimfa a ƙasar Hausa.

Sinadarin rotenone da ke cikin saiwar yana hana jikin ƙwaro amfani da iskar da ya shaƙa, abin da ya sa manoma suka daɗe suna fesa shi a gonaki.

To sai dai a shekarar 2000 wani gwaji kan ɓeraye ya alaƙanta shi da cutar karkarwar jiki ta Parkinson. A 2008 Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da shi a gona.