Daga "pantokrator" zuwa "omnipotens": iyakar ikon Allah a tunanin Kiristocin Yamma

A shahadar bangaskiya ta Nikiya, a shekara ta 325, kalmar Girkanci ita ce "pantokrator", wato mai riƙe da mulkin komi. Latinanci ya fassara ta da "omnipotens", mai iya komi. A ganinmu, wannan gocewar ma'ana ta ƙara buɗe ƙofar gardama.

A shekarun 1060, bayan wata muhawara da shugaban sufayen Monte Kasino, Bitrus Damiyan ya ƙi yarda a ce wani abu ya gagari Allah, ko da shafe abin da ya riga ya faru ne. Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya ja iyaka: zancen da ya warware kansa ba abu ba ne, balle a ce Allah ya kasa yin sa.